Zaɓen Katin Ajiya ga Kwamfutar Hannu

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, domin bai fi farcen ɗan yatsa girma ba. Watau katin nan da ake sakawa cikin kwamfutar hannu don a ƙara mata wurin ajiya, wanda galibin mutanenmu suke kira memori. In mun ce kwamfutar hannu, muna nufin duk wata na'ura mai lissafi da ajiya wadda mutum zai iya riƙewa a tafinsa, tun daga irin ta da, wadda ake rubutu a fuskarta da ɗan tsinke, har zuwa wayar da ke aljihun kowannenmu a wannan zaure.

Watakila wani ya ce, ina abin tara jama'a a kan ɗan katin da ake saya a tebur a bakin titi? To, a cikin wannan ɗan kati ne ɗalibi yake zuba littattafan da ba shi da kuɗin sayensu a takarda, da laccocin da ya ɗauka, da kundin bincikensa na shekarar ƙarshe. A cikinsa ne ƙaramin ma'aikaci yake ajiye hotunan takardun shaidarsa, da wasiƙar ɗaukarsa aiki, da rahoton da maigidansa yake jira ran Litinin. Ran da katin ya ƙi buɗewa, wahalar wata shida ta tafi a banza, kuma babu malamin da zai ɗaga wa mutum jarrabawa saboda memorinsa ya mutu. Saboda haka maganar ta cancanci a zauna a kanta.

ASALIN MATSALAR

A shekarar 1996 ne kamfanin Palm na Amurka ya fito da na'urar da ya kira Pilot, wadda ta sa kwamfutar aljihu ta shiga hannun jama'a sosai. Ƙaramar cikinsu tana da wurin ajiya na kilobayit 128 kacal. Don mu gane ƙanƙantar wannan, sai mu tuna cewa harafi ɗaya na rubutu yakan ci bayit ɗaya, watau ke nan duk abin da za ta iya ɗauka bai wuce haruffa dubu ɗari da talatin da 'yan kai ba, kuma a cikin wannan ne manhajojin da mutum ya ƙara za su nemi nasu rabon. Bugu da ƙari, irin ma'ajiyar da ke cikinta sai da wuta take riƙe abu. In batir ya ƙare aka yi sakaci, sai mutum ya wayi gari ya tarar da sunaye da lambobi da duk abin da ya rubuta sun shafe sarai.

Maganin wannan ya fito ne daga ƙasar Japan. Wani injiniya na kamfanin Toshiba, Fujio Masuoka, shi ne ya ƙirƙiro wata irin ma'ajiya a shekarun 1980, wadda ake kira filash, mai riƙe abin da aka zuba mata ko da an ɗauke wuta. Ba ta da faifai mai juyawa, ba ta da wani abu mai motsi. Abin da take yi shi ne tsare 'yar wutar lantarki a cikin miliyoyin ƙananan ɗakuna, ɗakin da ke da wuta da wanda babu su ne suke zama alamun da kwamfuta take karantawa. Da wannan fasaha ta yi araha, sai kamfanoni suka ga ai ana iya sa ta cikin ɗan kati, a yi wa na'ura gurbi, mai ita ya ƙara wurin ajiya gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Shawara ce mai kyau. Inda gizo ya yi saƙa shi ne, kowane babban kamfani ya so a ce nasa katin ne duniya za ta bi, domin wanda ya mallaki siffar kati shi ne zai riƙa karɓar lada a kan kowane ɗaya da aka sayar.

KATUNAN DA SUKA YI TAKARA

Na farkon da ya yi ƙarfi shi ne CompactFlash, wanda kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994. Tsawonsa milimita 43, faɗinsa 36, kaurinsa kuwa ya ɗan haura milimita 3. Yana da ƙarfi, yana da sauri, kuma shi ne ya fi kowa yawan ajiya a zamaninsa. Har ila yau gurbinsa ba na ajiya kaɗai ba ne, ana iya zura masa katin shiga intanet ko na nuna taswira. A 1999 kamfanin IBM ya sa faifai mai juyawa sukutum a cikin siffar wannan kati, ya kira shi Microdrive, mai ɗaukar megabayit 340, a 2000 kuma ya kai shi gigabayit 1. Sai dai faifan yana shan batir, kuma ba ya son faɗuwa. Aibin CompactFlash shi ne girma, da kuma allurai 50 da ke cikin gurbinsa, waɗanda in ɗaya ta lanƙwashe gyaran na'urar ya zama aiki. Kwamfutar Psion Series 5 ta Ingila, wadda ta fito a 1997, da wannan kati take aiki.

Na biyu shi ne SmartMedia na Toshiba, a 1995. Siriri ne ƙwarai, bai kai milimita ɗaya kauri ba, kuma yana da araha saboda ba a sa masa 'yar na'urar da ke kula da shige da ficen bayanai a cikinsa ba, an bar wa kwamfutar ko kyamarar wannan aiki. Wannan arahar ce ta kashe shi. Duk sa'ad da aka fito da kati mai girma, sai tsofaffin na'urori su kasa gane shi, kuma bai taɓa wuce megabayit 128 ba.

Na uku shi ne MultiMediaCard, wanda SanDisk da Siemens na Jamus suka yi a 1997, mai girman kan sarki na wasiƙa. Na huɗu shi ne Memory Stick na kamfanin Sony, a 1998, dogo siriri kamar cingam. Na biyar shi ne SD, wanda SanDisk da Panasonic da Toshiba suka haɗa kai suka sanar a 1999, sa'an nan a farkon shekarar 2000 suka kafa ƙungiya wadda kowane kamfani yake iya shiga ya yi katin ko ya sa gurbinsa a kayansa. Tsawon SD milimita 32 ne, faɗi 24, kuma an yi gurbinsa yadda zai karɓi MultiMediaCard ma. A 2002 kuma Olympus da Fujifilm suka ƙaro nasu, xD, domin kyamarorinsu.

Yanzu ku dubi halin da mai saye ya shiga a tsakanin 2000 da 2003. In ya sayi CLIÉ ta Sony, wadda ta fito a 2000, tilas ya sayi Memory Stick. In ya sayi Palm m500 ko m505 na 2001, sai SD ko MultiMediaCard. In ya sayi Visor ta kamfanin Handspring, wadda ta fito a 1999, gurbinta na musamman ne, ana kiransa Springboard, babu wata na'ura da take da irinsa. In kuwa iPAQ ta Compaq ya saya, irin ta farko ta 2000, ba ta da gurbi ko ɗaya a jikinta, sai ya sake biyan kuɗi ya sayi wata riga da ake zura ta a ciki, rigar ce take da gurbin CompactFlash. Kamfanin Dell da ya shigo a 2002 da Axim X5, sai ya raba gardama ya sa gurbi biyu, na CompactFlash da na SD. Mutum ɗaya yana iya samun kansa da kyamara mai wani kati, da kwamfutar aljihu mai wani, kuma babu wanda zai shiga gurbin ɗan'uwansa.

YADDA TAKARAR TA ƘARE

Handspring ya fara barin Springboard da ya koma yin wayoyin Treo a 2002, a 2003 kuma Palm ya haɗiye kamfanin. Duk wanda ya tara kayan Springboard sai ya zama ya tara abin da ba shi da inda zai sa. Memory Stick na asali ya tsaya a megabayit 128, da Sony ya fito da Memory Stick PRO a 2003, yawancin tsofaffin na'urorinsa ba su iya karanta shi ba. A 2004 Sony ya daina kai CLIÉ kasuwannin waje, a 2005 ya daina yin ta a Japan ma. A 2010 kamfanin da kansa ya shiga sayar da katin SD. Shi kuwa xD ya tsaya a gigabayit 2, masu shi suka bar shi suka koma SD. CompactFlash ya daɗe a hannun masu ɗaukar hoto na sana'a, amma ya fita daga kwamfutar aljihu domin na'urorin sun yi ta sirancewa, ba su da wurin ba shi.

Me ya sa SD ya ci? A farkonsa CompactFlash ya fi shi sauri, ya fi shi yawan ajiya. Abin da ya taimake shi abu uku ne. Ƙarami ne. Yana ɗauke da 'yar na'urar kulawarsa a cikinsa, saboda haka bai faɗa ramin da SmartMedia ya faɗa ba. Na uku kuma, wanda ya fi sauran, kamfanoni da yawa suna yin sa, suna gasa da juna, farashi yana sauka, kuma ko ɗaya ya rufe akwai saura. A 2005 aka karɓi ƙaraminsa, microSD, mai milimita 15 da 11, wanda SanDisk ya fara fitarwa da sunan TransFlash. Shi ne memorin da muka sani yau.

Darasi na farko ke nan: kati ya kamata ya fi na'ura tsawon rai. Waya takan lalace, ko a sace, ko a sayar, amma abin da ke cikin kati shi ne dukiyar. Saboda haka tun kafin mutum ya sayi na'ura ya kamata ya tambayi wane kati take ci, kuma kamfani nawa ne suke yin irinsa. Kada mu ɗauka wannan tsohon labari ne. A 2011 Sony ya sake fito da na'urar wasa ta hannu, PlayStation Vita, da kati nata na musamman wanda ya fi microSD tsada nesa ba kusa ba. A 2018 kamfanin Huawei na ƙasar Sin ya fito da nasa, NM, mai girman ƙaramin layin waya. Wasu kuma sun cire gurbin gaba ɗaya: iPhone ba ta taɓa samunsa ba tun fitowarta a 2007, Samsung kuma ya cire shi daga Galaxy S21 a 2021. Wanda ya sayi waya marar gurbi, to, ya san cewa abin da ya saya a ranar farko shi ne iyakarsa.

SD ƊIN MA GIDA-GIDA NE

Mu da muke riƙe da wayoyi masu matsakaicin kuɗi, irin su Tecno da Itel da Infinix, galibinmu muna da gurbin microSD, kuma muna amfani da shi fiye da mutanen ƙasashen da intanet yake da araha. A garuruwanmu akwai masu sana'ar tura wa mutane karatu da waƙoƙi da finafinai a memori, domin sau da yawa hakan ya fi sayen data sauƙi. To, sai a ga kamar an huta da zaɓe tunda kati ɗaya ya rage. Ba a huta ba, domin katunan da suke kama ɗaya a ido sun kasu gida huɗu.

SD na asali iyakarsa gigabayit 2. A 2006 aka fito da SDHC, wanda ya kai 32. A 2009 aka fito da SDXC, daga sama da 32 har zuwa terabayit 2, watau gigabayit dubu biyu. A 2018 kuma aka tsara SDUC, wanda aka yi wa iyaka a terabayit 128. Ƙa'idar ita ce, sabuwar na'ura tana karanta tsohon kati, amma babu tabbacin tsohuwar na'ura za ta karanta sabo. Ƙaramar waya mai maɓallai, ko rediyo mai cin memori, wadda aka rubuta mata iyakar gigabayit 32, in aka sa mata kati mai 64 tana iya ƙin ganinsa, ko ta ce a wanke shi. Mai ita sai ya yi zaton an sayar masa da mataccen kati, alhali kuwa lafiyarsa ƙalau.

Dalilin wannan yana cikin tsarin jera fayiloli. Katunan SDHC suna zuwa da tsarin da ake kira FAT32, na SDXC kuwa da exFAT, na'urar da ba ta san na biyun ba ba za ta gane katin ba. Shi kuma FAT32 yana da tasa iyakar: ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Shi ya sa wani lokaci za a ga kati mai 32 yana da fili fal, amma ya ƙi karɓar dogon bidiyo guda ɗaya. Saboda haka mataki na farko kafin a fitar da kuɗi shi ne a duba takardar na'urar a ga iyakar da aka rubuta mata.

Game da girman da za a saya kuwa, bari mu yi lissafi. Lacca ta awa ɗaya, in an ɗauki murya kawai a matsakaicin inganci, tana cin wajen megabayit 30. Ke nan kati mai gigabayit 32 zai ɗauki laccoci kusan dubu, abin da ya wuce na zangon karatu da yawa. Littattafai na rubutu zalla ba su da nauyi. Abin da yake cinye wuri shi ne bidiyo, domin minti ɗaya na bidiyo mai kyau da aka ɗauka da waya yana iya wuce megabayit 100. Wanda karatu ne damuwarsa, 32 ko 64 ta ishe shi, gara ya sa ragowar kuɗin a kan inganci. Wanda yake ɗaukar bidiyo don aiki ko sana'a, shi ne yake bukatar 128 ko fiye.

ALAMOMIN DA KE JIKIN KATI

Akwai ƙananan alamomi a jikin kowane kati waɗanda yawancinmu ba ma dubawa, alhali su ne suke faɗin aikin da zai iya. Lamba 10 a cikin da'ira mai kama da harafin C tana nufin katin ba zai yi ƙasa da megabayit 10 a daƙiƙa ba wajen rubutu. Lamba 1 a cikin harafin U ita ma 10 take nufi, lamba 3 kuwa 30. Alamar V30 ita ma 30 ce, an yi ta domin masu bidiyo, tana kuma hawa har V60 da V90. Babbar lambar da ake bugawa a jikin kwali, 100 ko 150 ko fiye, saurin karatu ce a yanayi mafi kyau, kuma saurin rubutu yakan yi ƙasa da ita sosai.

Ga kwamfutar hannu, alamar da ta fi muhimmanci ita ce A1 ko A2. Kyamara tana rubuta babban fayil ne a jere, kamar mai shara da yake bin layi ɗaya. Manhaja kuwa tana tsince-tsince ne, ta ɗauki kaɗan a nan, ta ajiye kaɗan a can, sau dubbai. Katin A1 an yi alkawarin zai yi irin wannan ƙaramin karatu sau 1,500 da rubutu sau 500 a daƙiƙa, A2 kuma 4,000 da 2,000, in na'urar ta san yadda za ta yi aiki da shi. Kati yana iya yin sauri wajen bidiyo ya yi nawa wajen manhaja. Ɗaliban kimiyya da suke aiki da 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, sun san wannan, domin ita daga katin take tashi gaba ɗaya.

Sa'an nan a lura, saurin kati ba ya wuce saurin gurbin da aka sa shi. Galibin wayoyi, har da na'urar wasa ta Steam Deck ta 2022, gurbinsu na UHS-I ne, wanda ƙa'idarsa ta tsaya a megabayit 104 a daƙiƙa. Katin UHS-II mai layi biyu na haƙoran ƙarfe yana kaiwa 312, amma in an sa shi a gurbin UHS-I sai ya koma tafiyar gurbin, kuɗin da aka ƙara ya tafi a iska. A ɗaya gefen kuma, Nintendo Switch 2 da ta fito a 2025 ba ta ɗora wasanni sai a kan sabon nau'i, microSD Express, ko da yake siffarsa ɗaya da na da. Ashe dai tsohuwar matsalar ba ta mutu ba, riga ta sake.

KATIN JABU

Yanzu mun zo kan abin da ya fi cutar da mu. Akwai katunan da ake yi wa dabara a cikin 'yar na'urar kulawarsu, su riƙa gaya wa waya cewa suna da gigabayit 128 ko 256, alhali ainihin abin da ke ciki 8 ne ko 16. Muguntar abin ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Mutum zai yi ta zuba kaya, komai yana tafiya daidai, har ya cika ainihin wurin. Daga nan sai sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho yana shafe shi, ko ya faɗa inda babu komai. Sunayen fayiloli suna nan a jere, amma in an taɓa sai a tarar ba sa buɗewa. Sau da yawa sai bayan watanni ake ganewa, sa'ad da ba a iya mayar da kaya, kuma abin da ya ɓata ya ɓata.

Amma kada a rikita wannan da ragin da yake halal. Kamfanoni suna ƙirga gigabayit ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, kwamfuta kuwa sau da yawa tana ƙirga shi 1,073,741,824. Saboda haka katin gaskiya mai 32 zai nuna wajen 29, mai 64 wajen 59, mai 128 wajen 119. Wannan ba ha'inci ba ne.

Hanyar gane jabu guda ce tabbatacciya: a cika katin tun yana sabo, sa'an nan a karanta abin da aka zuba a ga ko ya dawo daidai. Akwai manhajoji na kyauta da suke yin wannan, kamar H2testw a kwamfuta mai Windows da F3 a mai Linux. Gwajin yana iya cin awa ɗaya ko fiye, amma ya fi kuka daga baya. Kwali mai kyau da sunan babban kamfani ba shaida ba ne, domin su ma ana buga na jabu. In an ga kati mai 256 a kuɗin mai 32, to, Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado. A sayi kati a wurin wanda yake da shago tsayayye, a karɓi rasit, a kuma yi sharaɗi da shi cewa in gwaji ya nuna ƙarya za a dawo da shi. Ɗan kasuwar da ya san kayansa ba zai ƙi wannan ba. Da yawa cikin masu sayarwa ma ba su san abin da aka kawo musu ba, su ma cutarsu aka yi.

RIƘON KATI

Ko katin gaskiya yana da ajali. Ƙananan ɗakunan nan da muka ambata suna gajiya kaɗan duk sa'ad da aka shafe aka sake rubutu, har su kai ga ba sa riƙe wuta. Zafi yana gaggauta zubewar abin da ke ciki, kuma mu mutanen ƙasar zafi ne. Katin da aka jefa a akwati shekara da shekaru ba a sa shi a na'ura ba, shi ma yana iya rasa wani abu. Zare kati yana cikin rubutu kuwa yakan ɓata tsarin fayilolinsa, don haka a riƙa umartar waya ta sake shi tukuna, ko a kashe ta.

Akwai kuma wata tambaya da wasu wayoyin Android suke yi tun daga 2015 in an sa sabon kati: a mai da shi ma'ajiyar cikin waya, ko a bar shi na ɗauka? Wanda ya zaɓi na farko, wayar za ta kulle katin da mabuɗin sirri wanda ita kaɗai take da shi. In ta faɗa ruwa, ko mai gyara ya wanke ta, katin ba zai buɗe a ko'ina ba, ko da lafiyarsa lau. Ga ɗalibi mai ajiye littattafai da laccoci, na ɗauka ya fi. Sai dai shi ma yana da nasa haɗarin, domin duk wanda ya tsinci katin zai karanta abin da ke ciki. A nan muke jawo hankalin 'yan'uwanmu ma'aikata: takardar ofis amana ce, bai kamata ta kwana a memorin da ake miƙa wa mai tura waƙa a kasuwa ba. In za a kai waya gyara, a zare kati tukuna.

Abu na ƙarshe, wanda in an manta da duk sauran muna roƙo kada a manta da shi: abin da yake wuri ɗaya kaɗai, a bakin ɓata yake. Kundin bincike ya kasance aƙalla wuri uku, a kati, a kwamfuta ko wani kati dabam da aka ajiye a ɗaki, sa'an nan mutum ya aika wa kansa ta imel duk ƙarshen mako. Kati biyu masu 32 waɗanda ɗaya yake kwafin ɗaya sun fi guda mai 64 amfani ga wanda yake tsoron asara.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Shugaban taro, a taƙaice tambayoyi biyar muke so kowa ya riƙe in ya tashi saye. Wane irin gurbi na'urata take da shi, kuma mece ce iyakarta? Katin nan na kamfani ɗaya ne ko na kowa da kowa? Wane aiki zan ba shi, karatu ko bidiyo ko manhaja? Na gwada shi kafin in ba shi amana? Ina kwafin abin da ke cikinsa?

Muna kuma ba ƙungiyarmu shawara ta ware kwamfuta ɗaya a ofishinta, da na'urar karanta kati, inda kowane ɗalibi zai iya kawo sabon memorinsa a gwada masa kyauta. Ɗaliban sashen kwamfuta za su iya karɓar wannan aiki bi da bi. Abin ba zai ci kuɗi mai yawa ba, kuma in masu kawo jabu suka san cewa a nan ana gwadawa, da kansu za su sake hali. Waɗanda suka sayi Springboard da SmartMedia da xD ba su da yadda za su san abin da zai faru, domin a lokacin takarar ba ta ƙare ba. Mu kuwa mun zo bayan an gama, mun ga wanda ya tsaya da wanda ya faɗi, saboda haka ba mu da uzurin da suke da shi.